Ɗaki Mai Ƙofa Biyu

Duk wanda Kawu Tanimu ya taɓa ziyarta a Landan ya san idonsa ba ya kan abinci, yana kan kwalin. Kana zuba masa shayi zai ɗaga kwalin ganyen, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Kun gama da wannan?" A walimar sunan ɗan wani likita a Stratford, da idona na ga ya juye biskit a faranti, ya ninke kwalin ya tura cikin babbar riga. Matarsa, Anti Ladi, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma na daɗe ina mamakin me dattijo mai ritaya yake yi da tarkacen kwali. Sai da na dawo Woolwich kusa da su na gani. A kan teburin cin abincinsu yake sake gina gidan mahaifinsa na Zariya da kwalayen nan, wanda aka rushe tuntuni aka yi shaguna a wurin. Ko hoto ɗaya babu, daga kansa yake ciro komai, ga shi hannunsa ya fara rawa. Burinsa ya gama kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya.

Gam na kanti kuwa bai yarda da shi ba. In Anti Ladi ta ɗora tuwo, sai ya lallaɓo da ɗan kofi ya ɗebi talge, da shi yake liƙe bango. Wata safiya ta kira ni tana faɗa, wai ɓeraye sun shigo. Na je na tarar sun cinye rumbun gidan kwalin tas, ba su taɓa komai ba sai shi. Kawu na tsaye yana murmushi.

"Sai mun kira masu maganin ɓera na hukuma, Alhaji," in ji ta.

"Ki bari tukuna. Kin ga ɓeran Ingila, bai taɓa zuwa Zariya ba, amma ya gane rumbu. Ashe aikin ya yi kyau."

Na taɓa sayo masa rula ta ƙarfe don na ga katangar zauren ta karkace. Ya karɓa ya yi godiya, washegari na same shi yana sosa baya da ita. Awonsa da tsinken ashana yake yi, tsinke ɗaya kamu ɗaya.

"Kawu, wannan bangon fa a karkace yake."

"Haka yake a can. Maginin da hannu ya yaɓa ƙasa, bai san rula ba."

"To zankon nan da ya lanƙwashe?"

"Danshin gidanmu na nan ne. A can ma damina na cin rabonta."

Na ce masa ni dai ina so in sani, gaskiya haka gidan yake, ko rawar hannu ce ake ɗora wa magini? Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Rabi da rabi, Bilki. Kada ki gaya wa antinki."

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutumin da ya yafe wa ɓera da danshi ya kasa yafe wa kansa abu guda. Ɗakin mahaifiyarsa, kakata, wadda ta rasu yana ɗan shekara bakwai, ya gina shi har rufi amma babu ƙofa, don ya manta inda take kallo. Mahaifiyata tana goye a lokacin, ba ta san komai ba. Saura yayarsu Inna Asabe a Zariya, ita kuma kunne ya yi nauyi. Duk Juma'a sai ya kira ta, yana ɗaga murya har maƙwabta su ji.

"Yaya, ƙofar ɗakin Iya ina take kallo?"

"Gabas mana."

"Makon jiya kin ce arewa."

"To arewar ce. Kai Tanimu, Landan ka je don ka dame ni da ƙofa?"

Shekara biyu ɗakin nan yana toshe. Anti Ladi ta ce ya yanka ko'ina, wa zai sani? Ya ce shi zai sani.

Bayan an sallamo shi daga asibiti karo na biyu, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Na je duba shi wata ranar Lahadi da hantsi, sai ya turo min reza ya ce in yanka gabas. Na yanka. Ya ce in yanka arewa ma.

"Kawu, ɗaki mai ƙofa biyu?"

"Ɗaya dai daidai ce. Ɗayar kuma kuskurena ne, a bar min abina."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya sunkuya ya kafa ido ɗaya a ƙofar gabas, ya daɗe yana leƙa cikin kwalin da babu komai. Da ya ɗago ya ce, "Ni fa fuskarta ma na manta. Na ɗauka in na gane ƙofar zan gan ta tana fitowa."

Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Wata biyu bayan nan ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa kurakuransa manya da ƙanana. Allah ya sada shi da Iya a inda ba sai ya tambayi kowa hanya ba.