Baƙi Biyu a Rumfar Dunoma

A bakin kasuwar Babura, kusa da masu gero, akwai wata rumfar kwano inda Malam Dunoma ya shekara talatin yana gyaran rediyo. Kakansa ne ya taso daga Borno ya zauna a nan. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma duk rediyon da ya gyara sai ya saurari labarai da ita kafin ya miƙa wa mai ita. Da haka ya san duniya. Bayan la'asar dattawa kan cika bencinsa, yana narka dalma yana warware musu abin da manyan ƙasashe ke ƙullawa.

Shekarar da aka rufe iyaka da Nijar saboda juyin mulkin da aka yi a can, ƙanwarsa Hajja Kaka, wadda ke aure a tsallake, tana fama da ciwon suga, maganinta kuwa daga Kano ake kai mata. Dunoma ya buga waya zuwa wani shirin rediyo na masu sauraro. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Waɗanda suka yi juyin mulki ba su rasa tuwo ba. Tsohuwar da ke jiran allura ita aka hukunta. Masu yanke shawarar nan su zo su ga iyakar da idonsu."

Bayan kwana huɗu wasu mutum biyu masu fararen kaftani suka tsaya a rumfar. Ba su faɗi inda suka fito ba, shi ma bai tambaya ba.

Babban cikinsu ya ce, "Baba, mun ji muryarka. Ba ka yi laifi ba. Taimako kaɗan muke so: su wa ke zama a nan, me suke cewa, wa ke waya da mutanen tsallake?"

Dunoma ya ajiye aikin hannunsa. "Ranka ya daɗe, abin da na faɗa, da sunana da sunan garina na faɗe shi. In kana so, zauna in maimaita maka. Amma maganar da mutum ya yi a rumfata amana ce. Ba zan sayar da ita ba, ba zan ba da ita kyauta ba."

Suka karɓi wayarsa suka tafi. Ranar bai iya ɗaura ko noti ɗaya ba don tsoro. Shi da kansa yake faɗin haka, ba ya ɓoyewa. Benci ya watse. Masu gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Kwana goma sha biyu aka yi kafin wayar ta dawo ta hannun mai unguwa, babu bayani. Washegari Na'Allah, tsohon malamin gona, ɗaya daga cikin dattawan bencin, ya zo da rediyo a hammata. Dunoma ya kunna, ta kama tar.

"Ai lafiyarta ƙalau, Na'Allah."

"Na sani. Kunya ce ta hana ni zuwa hannu banza."

A bakinsa Dunoma ya ji labarin wani direba ɗan Kanya Babba da aka tsare wata uku ba a kai shi kotu ba. Ya tambayi sunan direban da na mahaifinsa, ya maimaita sau biyu don kada ya kuskure. Ranar Juma'a ya sake buga waya gidan rediyon.