Jirgin Katako a Kan Wasiƙar Kawu

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Park Hill a nan ƙasar Turawa, ni da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya zo mana ziyara daga zangon Kumasi. Na ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aiki saboda ya matsa sai na kai shi wurin wanda ya san tsofaffin kan sarki. A aljihunsa akwai wani ambulan da ya yi jajawur don tsufa, wasiƙar ƙarshe da yayansa ya aiko sama da shekara hamsin da suka wuce. Yayan nan kuku ne a jiragen ruwa. Ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Takoradi ya bar mata da 'ya'ya biyu, daga wannan wasiƙa kuma shiru. Mu dai mun taso muna jin ana cewa ya samu duniya ya manta da gida.

Bas ya sauke mu a bakin feri, wato jirgin fito. Kawu ya tsaya yana lalube aljihu, na ce masa ba a biya. Bai yarda ba har muka tsallaka, sai waige yake ko kwandasta zai biyo mu. A Canal Street muka sha shayi wajen wani ɗan Nijar mai tebur, Kawu ya ji farashin ya ce a Kumasi da wannan kuɗin har da ƙosai da ƙwai.

Shagon kan sarkin ɗan tsugul ne a wani lungu, wata tsohuwar Baturiya ce ke ciki. Ta ɗora gilashinta a kan ambulan ɗin ta daɗe tana dubawa. Hoton da ke jikin kan sarkin na wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa ne, fari, ƙanƙara ta kewaye shi. Ta ciro wani littafi ta fara karanta mana, ina fassara wa Kawu. Ta ce da katako aka ƙera jirgin saboda katako ya fi ƙarfe jure matsin ƙanƙara. Aikinsa kai garin fulawa, kananzir, magani da wasiƙu ga mutanen wasu ƙananan tsibirai masu tsananin sanyi, idan bai zo ba babu abinci. Shi ya sa suka karrama shi da buga hotonsa a jikin kan sarki tun yana aiki.

Sai ta duba hatimin gidan waya, ta koma littafin, ta ce wata biyu bayan an buga hatimin nan gobara ta tashi a jirgin yana tsakiyar teku. An ceto yawancin ma'aikatan, huɗu ba su fita ba. Ta juyo mana da shafin. Na uku a jerin sunayen huɗun nan kuku ne, ga sunan yayan Kawu a karkace yadda Turawa ke rubuta sunayenmu, ba gari, ba adireshi.

Na fassara. Kawu ya karanta sunan da kansa, ya zauna a kan wani kwali.

“'Yata,” ya ce, “innarmu ta rasu tana fushi da shi. Ni ma na zage shi a gaban 'ya'yansa.”

Matar ta ba shi ruwa, ta ɗaukar mana hoton shafin, ta ƙi karɓar komai. A bakin titi, cikin hayaniyar masu tallan jakunkuna, ya kira matar yayansa a Kumasi. Ta haura tamanin, ba ta sake aure ba. Na ji muryarta ta wayar tana salati, sannan ta ce, “Na sha gaya muku ba zai gudu ya bar mu ba.”

Muka sake hawa feri. Mun iso gida bayan la'asar, Kawu ya sa aka kira maƙwabta 'yan Gana da 'yan Nijar aka yi wa mamacin addu'a a falona, addu'ar farko da wani ya taɓa yi masa. Abin da na kwaso a tafiyar nan shi ne, mun yanke wa mutum hukunci shekara hamsin ba tare da ɗayanmu ya tashi ya bincika ba. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya yafe mana.