Buhun Geron Da Ya Karya Mini Wuya

Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko mutuwa na yi, saura kaɗan ku yi gaskiya.

Ranar kasuwar Mai'aduwa muna sauke gero daga mota, buhu ya suɓuce wa na sama ya sauko mini a tsakar ka. Ban suma ba. Na miƙe da ƙafata, sai dai na ji kamar kan ba a jikina yake ba. Na tallafe shi da hannu biyu na kasa saki.

Wana, Yaya Sale, ya ce targaɗe ne, a kai ni wurin Baba Ilu mai ɗori ya ja wuyan ya koma. Ni ma na yarda, don a wurinmu wanda ya tashi ya taka bai karye ba.

A babur aka kai ni har Sandamu. Duk ramin da muka faɗa sai in ji wuta a ƙeyata.

Baba Ilu ya ce in sauke hannu. Na ce ba zan iya ba. Ya daɗe yana kallona, ko taɓa ni bai yi ba.

"Sale, wannan ba nawa ba ne. Na taɓa jan irinsa, a hannuna ya cika. Ku kwantar da shi a kan ƙyaure, kada kan nan ya motsa."

Ƙyauren zaurensa aka cire, aka tokare mini kai da tsummokara dama da hagu. A asibitin Daura suka ɗaura mini abin riƙe wuya, suka tura mu Katsina a yi hoto.

Likita ya ce ƙashin farko ne, wanda kai ke zaune a kansa, ya tsage gida uku. Ya ce da Yaya: "Da an ja shi, da lakar ta taɓu, da numfashi ya tsaya nan take." Yaya ya tashi ya fita waje.

Sati shida ina rigingine. Mutum huɗu ke juya ni lokaci ɗaya, ɗaya riƙe da kai. Bayan gida a kwance, ni da nake ɗaukar buhu a ka. Wallahi na yi kuka, kuma na ji tsoro. Shanun nomanmu a kuɗin jinyar nan suka tafi.

Na gadon kusa da ni, Malam Habu daga Mashi, daga babur ya faɗi, shi ma wuya. 'Yan uwansa sun zaunar da shi, sun girgiza shi, sun ba shi ruwa, duk don tausayi. Ido kaɗai yake motsawa. Kwana tara muka yi tare aka fitar da shi a rufe.

Na gode wa Allah, da Baba Ilu da ya san inda iyawarsa ta tsaya, da ma'aikatan jinya.

Don Allah, in mutum ya bugu a ka ko wuya, ko yana tafiya, kada a ja, kada a zaunar, kada a ɗora a babur. A riƙe kan daidai da jiki, a kwantar da shi a kan katako, a nufi asibiti.

Wata shida ina sallame salla da baki kawai, wuya ya ƙi juyawa. Juma'ar nan na juya dama, na juya hagu. A hagun Yaya Sale ne, yana ta share hawaye da hularsa.