Yadda Kaka Ke Sauke Murya

Ƙaurin gyaɗa a kan gawayi nake fara ji duk lokacin da na tuna gidanmu na Fagge. Bayan sallar isha'i Kaka, mahaifiyar Ummanmu, takan jawo murhu tsakar gida ta baza gyaɗa a kasko, mu kuma mu kewaye ta a kan tabarma. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina 'yar shekara shida. Maza suna ƙofar gida suna musu a gaban rediyo, mu kuwa shagalinmu yana wurin Kaka.

"Ga ta nan, ku matso tun ba ta huce ba," haka take buɗe tatsuniya.

Wadda na fi so ita ce ta wata mata da ta tsinci kurciya mai karyayyen fiffike, ta yi jinyarta a cikin kwando. Da ta ga ta warke sai ta wurga ta sama. Kurciya ta firgita, ta faɗo, ciwo ya dawo sabo. Matar ta mayar da ita kwando, ta sake jinya. Wannan karon kullum da safe sai ta ɗaga murfin da faɗin yatsa ɗaya. Gobe yatsa biyu. Jibi kurciya ta leƙo da kanta, ta koma.

Ban taɓa jin ƙarshenta ba. Daga nan muryar Kaka ke fara sauka, kaɗan-kaɗan, har ta zama raɗa, raɗar ta zama numfashi, ni kuma barci ya ɗauke ni a cinyarta.

"Kaka, ɗaga murya mana," yayata Falmata kan ce.

"Kunnenki ne ya tafi yawo, sarauniyar ƙorafi. Matso."

Falmata ce ta aro rikoda wurin ƙawarta ta Sabon Gari, ta naɗi tatsuniyar a kaset. Shi kaɗai ne muryar Kaka da ta rage mana. Sai dai zaren kaset ɗin ya ƙare tana tsakiyar magana, da wani ƙwas mai kaifi. Bayan rasuwar Kaka, sau ɗaya Umma ta saurara. Da ƙarar ta zo ta dafe ƙirji, ta ce a ɗauke shi, ji take kamar yanzu ake sanar da ita mutuwar. Shekara da shekaru kaset ɗin yana ƙasan akwati.

Na girma, na koyi tace bidiyo a wani shago da ke Titin Ibrahim Taiwo. Na juye kaset ɗin a kwamfuta, na jera hotunan Kaka a kai, ina son Umma ta sake jin mahaifiyarta ba tare da wannan firgici ba. A manhajar tace bidiyo, sauti layi ne miƙaƙƙe. Ka sa ɗigo biyu a kansa, ka ja na ƙarshen ƙasa, sai ƙarar ta riƙa raguwa a tsakaninsu har ta kai shiru. Na yanke ƙwas ɗin, na ba saukar daƙiƙa biyu, na kai wa Umma a ɗaki.

Ta saurara ido a rufe. Ba ta dafe ƙirji ba, amma ta girgiza kai.

"Kin yi gaggawa, Hadiza. Ita ba ta sauri."

Na ja ɗigon farko baya, na sake ja, Umma tana cewa ƙara, har saukar ta fara tun daga inda kurciya ta leƙo. Muka zauna muryar tana tafiya a hankali. Ban iya nuna inda ta ƙare ba. Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce a maimaita.

Na ce mata Kaka gwana ce, da a zamaninmu take da ta ƙwace mini aiki.

"Da can ba haka take yi ba," in ji Umma. "Da ƙarfi take rufe tatsuniya, har da tafi. Babanku tela ne, a gindin kekensa kike barci tun kina jaririya. Da ya rasu keken ya yi shiru, duk ƙarar da ta tsaya farat ɗaya sai ki farka kina ihu. Saboda ke ta koyi sauke murya."