Turmin Inna a Tsohon Birni

Duk danginmu sun tafi a kan cewa rashin kunya ce ta sa na tozarta mijin Yaya a ranar, wai an kai ni cikin manya na kasa riƙe bakina. Ba haka aka yi ba. Ba don turmin nan ba, da ko tari ba zan yi ba.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗi na yawo a Abuja, duk inda ka waiga gini ake yi. Wani kamfani ya samu fili daura da titin filin jirgi, ya gina abin da ya kira Tsohon Birni, da ganuwa da zauruka da lunguna, wai yadda kakanninmu suka zauna tun kafin zuwan Bature. Mijin Yaya a ma'aikatar tarayya yake, a ofis aka ba shi katin shiga, sai ya kwashe mu wata Asabar.

Tun daga ƙofa raina bai kwanta ba. Garin da na girmi rabin titunansa, ina ya samo tsohon birni? Na sa makulli na kankare ganuwar kaɗan, jar ƙasa ta zubo, bulo ya leƙo.

"Ke dai ba a fita da ke," in ji Yaya, ta make min hannu.

A marina babu ɗigon ruwa, shuɗin fenti aka shafa a ramukan. Maƙeri na zaune yana latsa waya, sai da ya hango mu ya rarumi guduma.

Jagoranmu saurayi ne, babbar rigarsa da karin guga, Hausarsa irin ta Abuja. Ya kai mu wani tsakar gida da aka jera kayan girki, an kewaye da igiya.

"Gini sabo ne, amma kaya duka asali ne," ya ce. "Wannan turmi ta girmi kakan kakanki, madam."

Na dubi turmin, sai na ga kamar na san shi.

Shekarar da ta wuce aka yi rusau a unguwarmu a Lugbe. Inna na cikin daka katafila ta shigo layi, ta fito da tabarya a hannu tana neman ƙannena. Kafin a dawo kwashe kaya, turmi ya yi ƙafa. Da shi aka kawo ta gidan Baba. Da muka koma Karu an saya mata sabo, ta daka sau ɗaya ta ce muryarsa ba daɗi, ta ba maƙwabciya. Tabaryar tana nan jingine a bayan ƙofa.

Sauran turamen duk a fili suke. Wannan kaɗai aka manna da bango. Me ake ɓoyewa? Na tsallake igiya na juya shi. Ga faci nan: gwangwanin madara da aka buɗe aka kafa da ƙusoshi a kan tsaga, irin yadda marigayi Baba ya yi wa namu. An shafe shi da toka, amma rubutun na fitowa.

"Malam, zamanin kakan kakana wace madara ake sha?"

"Madam, ba a taɓawa! Oga zai yi faɗa."

"Daga ina kuka samo shi?"

"Wani ne yana kawowa daga ƙauye."

"Wane ƙauye? Lugbe?"

Mutane suka fashe da dariya, har da matar ogan mijin Yaya, wadda yake ta rusuna wa tun safe. Mijin Yaya ya matso yana murmushin dole.

"Haba amarya," haka yake kirana in yana tsokana, amma ranar haƙoransa a cije suke, "turmi nawa ne a ƙasar nan da faci? Fito."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ba zan iya dafa Ƙur'ani a kan namu ne ba. Na fito.

Muka shiga mota muka koma Karu. Da zan sauka Yaya ta riƙo mayafina.

"Kar ki faɗa wa Inna. Kin san jininta."

"Namu ne ko ba namu ba?"

Ta juya kai wajen taga. Ita da ta fi ni daɗewa tana daka a cikinsa ba ta ce a'a ba.

Na shiga ɗaki na tarar da Inna tana tankaɗen garin da aka niƙo a inji, tana mitar ƙarnin ƙarfe. Na dubi bayan ƙofa. Ido zai iya ruɗin mutum, amma kunnen Inna bai taɓa kasa gane muryar turminta ba, ko cikin dakan biki.

Nan na yanke shawara. Asabar mai zuwa zan naɗe tabaryar a zani, in sa Inna a bas. Bugu ɗaya ya isa. In ta ce ba shi ba ne, zan durƙusa gaban mijin Yaya in ba shi haƙuri. In kuwa ta ce shi ne, su kira Ogan nasu, don ba zan fito daga ganuwar nan ba sai da shi a kaina.