Shuɗiyar Ƙofa A Wasan Ɗana

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da hannu ya bayyana da abin da ya kamata ya ɓoye.

Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda ɗalibi ya ɗora alƙalami a gefen rubutun wani sai ya karanta shi har ƙarshe. Idan kuwa ka nuna kuskure ba ka kawo abin da za a sa a gurbinsa ba, cewa yake ka rushe wa mutum katanga ka bar shi da awaki. A kan wannan tarbiyya na yi shekaru ina duba wasiyya da rabon gado da waƙoƙin wa'azi a unguwarmu ta Kilomita Biyar. Ban taɓa zaton wasan kwamfuta zai shigo cikin abin da zan duba ba.

A shekarun rikicin da aka rufe mu cikin unguwa, lokacin da kai mara lafiya asibiti ya zama kasadar rai, ɗana na fari yana da shago kusa da kasuwa. Yana gyaran waya, yana kuma da kwamfutoci huɗu da mutane ke zama su shiga intanet. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, Sango, yaren ƙasar, ta fi Hausa sauƙi a bakinsa kamar sauran tsararsa. Da ciniki ya mutu, sai ya ƙirƙiri wasa, irin wanda ake buɗewa a shafi a buga nan take, ya ɗora shi a wani dandali inda masu koyon wannan sana'a ke ajiye nasu, jama'a su buga su rubuta ra'ayinsu a ƙasa. Ni ban sani ba. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kuma bin diddigin harkarsa. Haka muka tarar iyayenmu suna yi.

Wata La'asar, bayan an sallame, dattawan masallacin layinmu suka tsayar da ni. Babbansu, wani Alhaji mai sayar da atamfa, shi ya yi magana.

"Malam, ɗanka ya mai da musibarmu abin wasa. Mutane na mutuwa a hanyar asibiti, shi yana can yana sa a yi tsere da ita. Ka sa ya cire."

Na ce, "Alhaji, ka buga shi?"

"Ni? Da furfurata?"

"To wa ya buga a cikinku?"

Ladan ya ce an nuna masa a waya, ya ga wani mutum-mutumi na gudu, ya kau da kai ya nemi tsari.

Na ce, "Ke nan dukanku shaidar ji kuka kawo mini. Hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin. Ku ba ni kwana uku."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam zai koma makaranta. Allah Ya sa a ba ka benci na gaba."

Washegari bayan Azahar, lokacin da ake tada janareta, na shiga shagon. Ɗana ya miƙe a firgice.

"Baba, lafiya?"

"Kunna mini abin da ka yi."

Ga yadda wasan yake. Mutum ne ke tura amalanke, mahaifiyarsa mara lafiya na kwance a ciki, ana so ya fitar da ita daga unguwa ya kai ta asibiti. Maɓallai huɗu ne, gaba da baya da dama da hagu. A kowace mashiga akwai shinge da masu tsaronsa, in sun hango ka sai fuskar kwamfutar ta yi duhu, ka koma farko. Yatsuna masu amosani suka sha wahala. Na jefa tsohuwar nan a kwata ya fi sau goma a ranar farko, ɗana na tsaye a bayana yana haɗiye dariya.

Na zo da takarda, ina rubutawa da ajami. Na rubuta cewa ya zana layukanmu da aminci, har kwatar bakin kasuwa da allunan da aka gitta mata. Na rubuta cewa ya kyauta ƙwarai da ya sa mayafin tsohuwar ke zamewa, dole mai wasa ya tsaya ya rufe ta ko da shinge na kusa, domin nan ne wasan ya koyar da ladabi ba tare da wa'azi ba. Sannan na rubuta laifuka. Rubutun Faransancin yana wucewa kafin mutum ya karanta. Ya sa sautin kiran salla a daidai lokacin da aka kama mutum, wannan kuwa bai dace ba. A kwana ta biyar a kan hanyar kuma, ƙafar amalanke tana maƙalewa a bango, ba ta fita sai ka ja baya sau biyu.

A rana ta biyu na sa ya karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Yawancinsu abokansa ne 'yan unguwa. Wannan ya ce madalla, wancan ya ce ya fi na Turawa, wani ya jera taurari biyar bai ce uffan ba. Baƙi biyu suka shigo, ɗaya ya zagi Musulmi, ɗaya ya rama a kan Kirista. Babu ko mutum ɗaya da ya ambaci maƙalewar amalanke, alhali duk wanda ya kai kwana ta biyar sai ya maƙale. Nan na gane masu yabon ba su wuce bakin kasuwa ba. Raina ya ɓaci. Dattawa sun tsine ba su gani ba, samari sun yaba ba su gani ba, kuma wallahi na samarin ya fi muni a wurina, domin mai tsinuwa bai ce shi masoyi ba ne.

A rana ta uku na kai ƙarshe. Duk manyan hanyoyi a toshe suke, sai wani siririn lungu da ya nufi Miskine, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Na bi shi, na tarar da ƙofar kwano shuɗiya, da bishiyar mangwaro da ta karkato bisa katanga, da rogo a shanye a tabarma. Ƙofar ta buɗe, wata mace ta ja amalanken ciki, ta fitar da mu ta ɗaya ƙofar. Wasa ya ƙare, an ci.

Na san ƙofar nan. Ta wata Kirista ce mai sayar da garin rogo, mijinta ya rasu da daɗewa. Gidanta ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta ɓangarenmu, ɗaya ta Miskine. A zamanin boren sojoji na baya, ita da 'ya'yanta sun yi kwanaki a zaurenmu. Tun da aka rufe unguwa take fitar da marasa lafiya da masu naƙuda ta tsakar gidanta, uwar ɗan nan nawa ma ta nan ta bi. Ko a masallaci ba a zancen. Da masu shingen ɓangarenta sun sani, da sun ƙona gidan da ita a ciki.

Na tashi na rufe ƙofar shagon da hannuna.

"Kai, zo nan. Ƙofar wa ce wannan?"

"Baba, ai godiya ce. Ban sa sunanta ba."

"Ba ka sa sunanta ba, ka sa mangwaronta da rogonta da lungunta. Me ya rage, ka ba su makulli?"

"Babu wanda ya kai nan, Baba. Shafin na nuna mini. Kai ne na farko."

"Tsoho mai amosani ya kai cikin kwana uku. Mai nemanta da bindiga ne zai kasa? Tun yaushe yake a dandalin?"

Ya sunkuyar da kai. "Mako uku."

Ya zauna ya sauke wasan daga dandalin, sannan ya kai hannu zai goge aikin gaba ɗaya daga kwamfutarsa. Na riƙe hannun.

"Saukewa ta wajaba, ka yi. Gogewa kuwa gudu ne. Zauna ka ji takarda."

Na karanta masa ita daga farko, na fara da abin da ya kyauta, ko da yake muryata ba ta so. Ban taɓa yabon ɗan nan a gabansa ba sai ranar, ranar da na fi jin haushinsa a rayuwata. Da na zo kan ƙofar na ce ya cire bishiyar da launin da lungun, ya sa ƙofar ta riƙa sauya wuri duk lokacin da aka fara wasan, a wuraren da babu gida a zahiri. Ta haka alherin matar zai zauna a cikin wasan, gidanta kuwa ya fita.

Ya ce, "To shi ke nan, Baba, ba sai ta ji ba."

"Ranta ka sa a kasuwa. Ita ke da hakkin sani, ba ni ba, ba kai ba."

Washegari da hantsi muka same ta tana tankaɗe. Ya durƙusa ya yi mata bayani da Sango, ya nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ka ƙara mini ƙiba. Ni ina na ga wannan jikin a wannan zamani?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta juyo gare ni.

"Malam, kwana nawa ka ce?"

"Mako uku, Mama."

"Da kwana ɗaya ne ko biyu, sai in ce Allah Ya rufe idon mugu, in ci gaba. Mako uku, ban san wanda ya gani ba. Jikokina huɗu ke kwana a ɗakin can."

Na ce mata gaskiyarta ce. Ta ɗauko tsohon kwano da ƙusoshi. Ni na riƙe kwanon, ɗana ya buga, muka toshe ƙofar ɓangarenmu da hannunmu.

Wata biyu hanyar na rufe kafin hankalinta ya kwanta ta sake buɗewa. A cikin wata biyun nan maƙwabcina mai ciwon suga ya rasa ƙafarsa, domin gyambonsa bai samu likita da wuri ba. Ɗana ya gyara wasan kamar yadda na rubuta, ya mayar da shi dandalin, na sake buga shi har ƙarshe kafin in yarda.

Dattawan masallaci kuwa, da suka ji an taɓa sauke shi, Alhaji ya tare ni yana murmushi ya ce, "Ashe dai maganarmu ce, Malam." Ban iya faɗa masa dalili ba, domin faɗinsa tona asirin matar ne. Na haɗiye, na wuce.

Har yau in na tuna abokan nan nasa sai zuciyata ta tafasa. Aƙalla rabinsu sun san ƙofar, wasu ma sun tura iyayensu ta cikinta. Da ɗaya daga cikinsu ya yi haƙurin ja da baya sau biyu a kwana ta biyar tun ranar farko, da ya gan ta, da ya ruga shagon ya ce a cire, da maƙwabcina na tafiya masallaci da ƙafafunsa biyu.