Malam Basiru da Azurfar Kududdufin Tanko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 6 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Basiru, wanda ya koyar da mu kimiyyar sinadarai a Yelwa har ya yi ritaya.

Malam, ni ɗalibinka ne da ban ci jarrabawarka ba, na koma sayar da kifi. Duk da haka ni na kawo maka kuka lokacin da masu haƙar zinari a ƙasar Ngaski suka fara jiƙa garin dutse a kududdufi da sinadarin sayanayid mai guba. Da zinarin ya narke sai su tace, su saki ruwan cikin rafin da ƙauyenmu ke sha. Kifi ya yi ta tasowa a mace, awakin Inna biyu suka bi.

Na zaci faɗa za ka je yi. Sai ka hau bayan mashin ɗina da ciwon gwiwarka, ka zauna bakin kududdufin Tanko, mai wurin haƙar, ba ka ko ambaci kifi ba. Ka ce masa dukiya yake zubarwa, akwai azurfa a dutsen, ita kuwa ba ta da saurin narkewa irin na zinari. Tana son lokaci, tana son iska ta ratsa ruwan, a kuma zuba farar ƙasa don kada gubar ta tashi ta shaƙe ma'aikata. In an cire azurfar, a mayar da ruwan kan sabon gari. Tun daga nan ruwan bai sake sauka rafinmu ba. Ni da kai muna ta murna mun yi wa Tanko wayo.

A wajen zaman makoki Tanko ya ja ni gefe, idonsa jawur. "Mun daɗe da sani azurfag ga ba wata abin kirki ta ba," ya ce. "Kunyatai mu ka ji, shi ya sa ba mu saki ruwan ba."

Na yi kuka, Malam, na kuma ji tsoro. Ga damina ta kawo kai, kududdufin ya cika, wanda ake jin kunyarsa kuma yana kabari. Tanko, ina roƙonka, ka ci gaba da jin kunyar nan.

Malam, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sanya duk wanda ya sha ruwan rafin nan lafiya cikin mizaninka. Ga matarka Hajiya Ladidi da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu.